Marinin Da Na Cire Wa Fuska

Fuskoki goma sha biyu ne a jikin dardumar. Ɗaya ta sarki, biyu na malamai, huɗu na 'yan kasuwa, biyar na masu sana'ar hannu. Ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ita kaɗai ce kamannin da ya rage a duniya na kakan mutumin da ya koya mini sana'a. Na cire su duka da hannuna cikin kwana goma sha tara, na saƙa furanni a gurbinsu. Ba wanda ya tilasta mini. Ni na kawo shawarar, kuma a lokacin ina ganin ban taɓa yin dabara mai kyau irinta ba.

Na zo Amurka a farkon shekarun dubu biyu, ba ni da komai sai abin da na koya a kasuwar Kwari ta Kano wajen sayar da yadi. Na fi shekara ina tuƙin tasi a Washington. Wata rana na ɗauki wani tsoho ɗan Iran a bakin tashar jirgin ƙasa ta Silver Spring, yana fama da wata naɗaɗɗiyar darduma da ta fi shi tsawo. Da na kama masa muka cusa ta a mota, hannuna ya shafi gefenta, sai na ce masa an haɗa ulun da wani abu. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce wa ya gaya mini. Na ce yatsuna. Da muka isa shagonsa bai bar ni na tafi ba sai da ya sa na rufe ido na shafa darduma shida. Na faɗi gaskiyar huɗu. Ya ce huɗu ya fi abin da ɗansa na cikinsa zai iya, in dawo ranar Litinin.

Sunana ya gagari harshensa, don haka da sunan garinmu yake kirana, Kano. Ni kuwa Baba nake ce masa, ya kuma karɓa tun ranar farko. Shekara biyar na yi a ƙarƙashinsa. Ya koya mini cewa ba a sayen darduma ta fuska, juya ta ake yi, don a baya ƙulli yake, kuma ƙulli ba ya ɓoye ragwancin masaƙi. Ya koya mini ƙona silin zare a shinshina. Daga baya, da ya ga hannuna ba ya rawa, ya koya mini gyara: yadda ake tsince wurin da asu ya ci da hantsaki, a bar zaren tsaye, a ɗaura sabon ulu ƙulli bayan ƙulli da 'yar ƙugiya, a daidaita da almakashi. Har da sirrin jiƙa sabon ulu a ruwan shayi don ya yi kama da tsoho. Ƙugiyar da nake aiki da ita har yau tasa ce, ya ba ni.

Dardumar da nake magana a kanta tana rataye a bango bayan teburinsa. Doguwa ce, daga kusa da rufi har ƙasa, saƙar garin Kerman na ƙasarsu. A tsakiyarta wani gini ne mai ginshiƙai da ƙofa a buɗe. Kewaye da ginin akwai zobba goma sha biyu masu siffar ƙwai, kowanne da mutum a ciki daga kai zuwa ƙirji, hannuwansa a gaba. Da la'asar, in kasuwa ta yi sanyi, Baba yakan dafa shayi, ya sa ƙwayar sukari a tsakanin haƙora, ya juya kujerarsa ya fuskanci bango.

“Kano, dubi sarkin nan. Me ka gani?”

“Na ga hula mai tsada.”

“Kai komai tsada. Dubi girmansa.”

Na duba na ce daidai yake da sauran.

“To shi ke nan labarin,” in ji shi. “Sauran duk ado ne.”

Ya bayyana mini cewa a da, in masaƙa suka sa mutum a darduma, sarki ne, ko wani jarumin tatsuniya. Sarkin ne zai cika tsakiya, in ma an sa wasu, ƙanana ne a ƙarƙashin ƙafarsa, masu riƙe laima da masu riƙe doki. Sai a farkon ƙarnin da ya wuce mutanen ƙasarsu suka gaji. 'Yan kasuwa suka rufe rumfuna, malamai da masu sana'a suka zauna dirshan suka ƙi tashi, har sarki ya yarda a kafa majalisa a kuma rubuta dokar da shi ma za ta hau kansa. A shekarun nan ne wasu fuskoki suka fara shiga darduma: mai gidan burodi, maƙeri, mai rubuta jarida. A wannan kuwa, majalisar aka ba tsakiya, aka tura sarki gefe cikin zobe irin na kowa.

“Ƙirga ƙullin zobensa, ka ƙirga na wancan,” ya ce, yana nuna na ƙasa ta hagu. “Kada ka yarda da ni.”

Ban yarda da shi ba, na hau kujera na ƙirga ta baya. Faɗi ɗaya, tsawo ɗaya, ko ƙulli guda masaƙin bai ƙara wa sarki ba.

Na ƙasa ta hagun nan shi ne kakansa. Marini ne, kuma marinan garinsu ne suka zaɓe shi ya riƙa magana da yawunsu a majalisar gari. Masaƙin ya yi masa hannuwa shuɗaye har wuyan hannu. Wannan kam na gane shi ba tare da bayani ba, don na taso ina ganin irin hannuwan nan a Kano, waɗanda ko sabulun Sallah ba ya fitar da shuninsu. Mutumin bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Da sarkin da ya gaji na farko ya sa aka buɗe wa majalisa igwa, sojoji suka bi gida-gida, aka tafi da marinin, bai dawo ba. Matarsa ta ɗinke dardumar a cikin katifa, ta yi ta kwana a kai har ƙura ta lafa. Baba bai taɓa ganin kakansa ba sai a ulu.

Na ji labarin nan ya fi sau talatin. Zan faɗi gaskiya, ina son sa, amma irin son da ɗan kasuwa yake yi wa labari. Ina ji ina lissafa yadda zai ɗaga farashi in aka faɗe shi ga Baturen da ya dace.

Idanun Baba suka fara rauni, matarsa kuma ta rasu. Ɗansa yana can wata jiha mai nisa yana aikin kwamfuta, ba ruwansa da ulu. Sai ya sayar mini da shagon da kayan ciki a kan farashin da uba ne kaɗai zai yi wa ɗa, ya koma wani gidan tsofaffi a nan Silver Spring. Ɗakinsa na can rufinsa gajere ne, dardumar ba za ta ratayu ba, kuma ya ce in aka naɗe ta a akwati asu ne zai gaje ta. Ya bar ta a inda take. Ranar da ya ba ni makulli ya tsaya a gabanta ya daɗe.

“Tana cikin kayan shago, taka ce,” ya ce. “In ka matsu wata rana ka sayar, ba zan yi fushi ba, ni ma ɗan kasuwa ne. Amma bango, Kano. Kada ka ba wanda zai shimfiɗa su a ƙasa ya taka.”

Na ce na yi alkawari, kuma da zuciya ɗaya na faɗa.

Shekara biyu bayan haka tattalin arzikin Amurka ya tsuke, mutane suna rasa gidaje, wa zai sayi darduma. Sai dai kada in yi wa kaina ƙarya a rubuce: ban matsu ba. Na riga na juya shagon zuwa ga mutanenmu. Ina sayar da dardumar salla da kafet ɗin falo ga 'yan Najeriya da 'yan Nijar na Lanham da kewaye, kuma su ko duniya za ta tashi sai sun gyara falo kafin azumi. Haya tana fita, abinci yana kan tebur.

A lokacin ne wani likita ɗan Zariya ya shigo. Dattijo ne mai fara'a, kowa ya san shi a wurin suna da ɗaurin aure. Ya gina sabon gida a Manassas mai falo da bango dogo kamar na masallaci, Hajiyarsa ta ce bangon ya yi tsirara. Abin da ya fi ja mini hankali shi ne, shi ke shugabantar kwamitin da zai sayi kafet na sabon masallacin da jama'armu suke gyarawa. Wannan ciniki ne da zai riƙe shago shekara guda.

Ya zagaya, ya taɓa wannan ya taɓa wancan, sai ya tsaya a bayan teburina.

“Alhaji, wannan fa? Wannan ce daidai bangona.”

“Likita, idonka ya san kaya. Ta haura shekara ɗari.”

“To amma waɗannan bayin Allah masu gemu fa? Kana so mala'iku su daina shiga gidana? Hajiya ba ta barin ko hoton bikinmu a falo.”

Muka yi dariya. Ya ce bari ya tambayi malaminsa, ya ciro waya nan take ya kira Zariya, ya sa a lasifika. Bayan doguwar gaisuwa malamin ya ce abin da ya sani shi ne, in surar mai rai tana kan abin da ake shimfiɗawa a taka, da sauƙi, don an wulaƙanta ta. In kuwa za a ɗaga ta a bango, to sai dai in babu kai.

Likita ya kashe waya ya ce, “To ka ji. Sai dai in shimfiɗa ta a ƙasa, bangon ya ci gaba da haƙuri.”

A nan ne kaina ya yi aikin da nake taƙama da shi. Baba ya ce bango, kada a taka. Malam ya ce bango, amma babu kai. Na ga hanyar da kowa zai samu abin da ya faɗa da bakinsa, ni kuma in samu likita.

“Ba za a shimfiɗa ta ba,” na ce. “Ba ni wata guda. Zan cire fuskokin in sa furanni, ko wanda ya saƙa ta ba zai gane ba.”

“Ana iya haka?”

“A wurin wasu ba a iyawa.”

Ban gaya masa ko su wane ne mutanen ba. Bai tambaya ba, ni kuma na san in na faɗa cinikin ya mutu. Labarin da na yi shekaru ina ajiye don ɗaga farashi, ranar na haɗiye shi don kada ya rushe farashi.

Da na gaya wa maiɗakina a gida tana tsinke alayyafo, ba ta ɗago ba ta ce, “Ka gaya wa Baba?”

“Ai bango ya ce, kuma bango za ta.”

“Ba abin da na tambaye ka ba ke nan.”

Na ce mata harkar shago ce. Ta ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da take faɗa in ta san ba za ta sake magana ba.

Na shimfiɗa dardumar a kan teburin ɗakin baya, kusa da taga, don aikin yana son hasken rana. Da sarki na fara, har ina yi masa ba'a, ina cewa ranka ya daɗe a yi haƙuri. Fuska ɗaya takan ci mini yini da rabi. Sai in tsince ƙulli ɗaya-ɗaya daga goshi zuwa gemu, har zaren tsaye ya bayyana fari kamar haƙarƙari, sannan in cika wurin da fure irin na gefen dardumar, da ulun da na jiƙa a shayi. Hannuwa da riguna na bar su, tunda malam kai kawai ya ce. Marinin na bari a ƙarshe. Zan so in ce hannuna ya yi rawa, amma bai yi ba. Abin da kawai na lura shi ne na kunna rediyo da ƙarfi ranar, abin da ba na yi in ina aiki. Ulun da na tsince na share na zuba a kwandon shara, motar shara ta kwashe ranar Alhamis.

Aikin ya yi kyau. Likita ya zo da Hajiya, ta ce kamar haka aka halicce ta. Ya biya ba tare da ya taya ba, kuma kafin wata biyu cinikin masallaci ya zo hannuna.

Ina zuwa wurin Baba duk bayan Juma'a biyu, in kai masa waina da miyar taushe, don ya koyi son su. Kullum tambayarsa ta farko ita ce, “Yaya mutanena?” Da na sayar na gaya masa wani likita ya saya, mutumin kirki, kuma ya rataye ta a bango mai tsawo inda ko yaro ba zai taɓa ba. Ya ji daɗi har ya dafa kafaɗata. Duk kalmar da na faɗa masa gaskiya ce, kuma na zaɓe su ɗaya-ɗaya yadda nake zaɓar ulu.

Shekara ta zagayo. A bazarar nan ne aka yi zaɓe a Iran mutane suka cika titunan Tehran suna cewa ina ƙuri'unsu. 'Yan Iran na nan ma suka riƙa taruwa a Washington da koren ƙyalle a wuyan hannu. Jikar Baba, 'yar ɗan nan nasa, ta shigo jami'a a yankinmu a shekarar. A nan aka haife ta, harshen kakanta ma tsinto-tsinto take yi, amma abin ya kama ta. Ta riƙa zuwa wurinsa tana tambayar tarihin gida, shi kuma ya samu kunnen da ya daɗe yana nema. Wata Asabar sai ga su a shago, tana riƙe da hannunsa.

“Kawu,” ta ce, don haka Baba ya ce ta kira ni, “Kaka ya ce akwai wani a danginmu da ya yi irin wannan tun shekara ɗari, kuma kai ka san inda fuskarsa take. Ina so in gan shi.”

Na ce likita mutum ne mai yawan aiki, zan nemi lokaci. Na ja mako uku. Na ce ya yi tafiya, na ce Hajiya ba ta da lafiya. A mako na huɗu Baba ya kira ni da kansa.

“Kano, kai kana da makonni da yawa. Ni ban san nawa suka rage mini ba. Kira mutumin.”

Na kira. Likita ya yi murna, ya ce ai wanda ya koya wa Alhaji sana'a ubanmu ne duka, su zo su ci abincin rana.

Daga Silver Spring zuwa Manassas ranar Asabar ya fi awa guda. Ina da awa guda cur da zan buɗe baki a mota, a tsakaninmu mu uku. Na yi maganar cunkoso, na yi maganar tsadar mai. Yarinyar tana baya tana duba batirin kyamararta.

Likita ya tare mu a ƙofa, ya rusuna ya gai da Baba da hannu biyu. Hajiya ta cika tebur, tuwon shinkafa, farfesu, zoɓo mai sanyi. Amma yarinyar ba ta zauna ba, ta wuce falo kai tsaye, mu kuma muka bi ta. Dardumar tana can sama, hasken taga yana dukanta, ba ta taɓa yin kyau haka ba. Ta ɗaga kyamara, ta sauke.

“Kaka, wace ce? Wannan furanni ne.”

“Ƙasa ta hagu,” in ji Baba. Daga inda yake tsaye launi kawai yake gani. “Mai shuɗayen hannuwa.”

“Ga hannuwan. Amma babu kowa a sama da su. Fure ne.”

Baba bai dube ni ba. Ya roƙi likita da a sauke masa ita. Likita ya ɗauko tsani a gareji, ni da shi muka sauke, Baba ya ce a kife ta a kan teburin cin abinci, kada ta taɓa ƙasa. Hajiya ta kwashe kwanuka da sauri. Baba ya sa tafin hannu a bayan dardumar ya fara bi, zobe bayan zobe, leɓensa yana motsi. A kowane zobe yatsansa yakan tsaya daidai inda tsohon ƙulli ya ƙare nawa ya fara. Ya bi duka goma sha biyun, bai tsallake ko na sarki ba. A na ƙarshe ya bar hannunsa.

“Ƙulli mai kyau,” ya ce. “Ba wanda zai gane sai ni. Ka jiƙa ulun a shayi?”

“Na jiƙa, Baba.”

“Sau biyu?”

“Sau biyu.”

“Haka na koya maka.”

Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. Sai na ji bakina yana cewa, “Baba, ka ce bango.”

“Na ce bango,” ya ce.

Likita bai gane abin da ke faruwa ba sai da yarinyar ta gaya masa, tana magana tana share ido da koren ƙyallen hannunta. Ya juyo gare ni ya koma Hausa, muryarsa ƙasa-ƙasa don kada baƙi su ji zafinta.

“Alhaji, kakansa ne? Ka sani?”

“Na sani.”

“Ka sani ka tsaya kana dariya da ni a kan masu gemu? Ai da ka ce mini kakan wani ne, da na ce a bar wa mutane kakansu, in sayi agogo in rataya. Malam cewa ya yi kada in rataye su, bai ce dole in saya ba. Ka sa ni cikin abin da ban ji ba ban gani ba.”

Hajiya ta ce a zo a ci abinci kada ya huce. Muka zauna. Baba ya ci loma uku saboda ladabi, ya yaba miyar.

Kafin mu tashi likita ya naɗe dardumar da kansa ya sa a bayan motata, ya ce ta yarinyar ce. Na ce zan mayar masa da kuɗinsa. Ya ce bai saya daga hannuna don ya sayar mini ba, kyauta ya yi wa yarinyar a matsayin 'yarsa, in riƙe abina. Har yau in mun haɗu a wurin jana'iza yana gaishe ni da kyau, yana tambayar iyali. Bai sake taka shagona ba.

Na ce wa Baba zan mayar da fuskar kakansa. Muka nemi hoto. Duk shekarun nan dardumar tana bayansa, ba wanda ya taɓa tunanin ɗaukarta ita kaɗai, tunda kullum tana nan. Hoto ɗaya muka samu na ranar da aka buɗe shago, fuskokin ba su fi ƙwayar wake ba, kuma sun dushe. Ni ma da na ɗauki hotonta don tallar aikina, bayan gyara na ɗauka.

Yarinyar ta ce, “Kawu, ai kai ne ka gan shi kusa fiye da kowa. Yaya kamanninsa?”

Yini da rabi na yi hancina yana kusan taɓa fuskar mutumin nan. Na tuna launi uku aka yi fatarsa da su, na tuna gemun yana da baƙi da toka-toka, na tuna ƙullin wajen ido ya yi tauri sai da na canza hantsaki. Ko idon babba ne ko ƙarami, ko yana murmushi, ban sani ba. Ban dube shi ba, ulunsa na duba.

Duk da haka na gwada. Na kawo Baba shago sau huɗu, yana zaune da shayinsa yana faɗa mini: goshi mai faɗi, hanci ya ɗan karkata, gira a haɗe. Na zana a takarda, na saƙa a hankali fiye da duk abin da na taɓa saƙawa. Da na gama ya sa gilashin ƙara girma ya manna ido, ya shafa ta gaba ya shafa ta baya. Sai ya fashe da dariya, dariyar gaske, har da tari.

“Kano, wannan ɗan garinku ne. Wane ne?”

Na duba da kyau. Ƙanin mahaifina ne, mai sayar da hula a kasuwar Kurmi, sak.

“Cire shi,” in ji Baba, yana share hawayen dariya. “Mutumin kirki ne da gani, amma bai je majalisa ba. Kada kuma ka mayar da fure. Bar wurin haka.”

Na cire. Na bar zaren tsaye a fili, na ɗaure gefen don kada ya warware. Baba ya rasu shekara biyu bayan haka. Har ƙarshe ina kai masa waina, yana karɓa, yana kirana Kano, muna hirar farashin ulu. Tambayar nan ta farko ce kawai bai sake yi mini ba.

Dardumar tana gidan jikarsa yanzu, a bangon matakala, inda ya isa tsawonta. Ta yi aure, tana da 'ya, kuma ta gaya mini takan ɗaga ta ta nuna mata hannuwan. Na je sau ɗaya na duba ko asu ya shiga. Bai shiga ba.

Ga yadda abin ya tsaya. Na samu cinikin masallaci, daga shi na samu wasu uku, daga su na buɗe shago na biyu a Lanham. Ban yi asarar sisi ba, ko alkawari ban karya ba in kalma za a bi. A ɗaya gefen akwai furanni goma sha ɗaya masu kyau, da zobe guda da babu komai a cikinsa sai farin zare a saman shuɗayen hannuwa biyu. Sojojin sarki sun ɗauki mutumin amma sun bar fuskarsa a cikin katifa, ta yi shekara ɗari, ta haye teku, ta zo hannun wanda aka fi yarda da shi. Ni na ƙarasa musu aikin cikin yini da rabi, da ƙugiyar jikansa a hannuna.